Furen da Liman Ya Kai Makaranta

Malam Isiyaku, limamin wani ƙaramin masallaci a unguwar Abakpa Nike da ke Enugu, bai taɓa ɗaukar fure a bakin komai ba. A ƙauyensu ana kallon fure ne don a san ko wake zai yi 'ya'ya. Sai ga autarsa Siddiƙa, haifaffiyar Enugu, ta gama karatun jinya, ta durƙusa gabansa.

"Baba, ranar bikin yaye ɗalibai iyaye kan zo wa 'ya'yansu da fulawa. Ba na so in zama ni kaɗai ce hannu rabbana."

"Ciyawa kike so in ɗauko, da gemuna?"

Ta yi dariya, amma idonta bai yi ba, kuma abin ya tsaya masa a rai.

Ranar bikin ya ci babbar riga fara sol, ya nufi wurin wata mata mai sayar da furanni a bakin titi. Ya nuna wani ja mai sheƙi a cikin tukunyar siminti. Matar ta ɗauko almakashi, ya yi wuf ya tare ta.

"Me ya yi miki za ki yanke shi?"

Ta yi masa bayani da Turancin kasuwa cewa haka ake yi, a yanka a ɗaure. Malam ya ce sam, ba zai kai wa 'yarsa abin da zai mutu kafin la'asar ba. Ya saye shi har da tukunyar.

Tukunyar nan kuwa ta kusa buhun gero nauyi. Mai keke napep ɗin da ya ɗauko shi ya yi ta mita, wani ɗan jam'insa da suka yi kiciɓis ya gaishe shi yana danne dariya, ruwan ƙasa ya zane gaban rigar tas.

Da ya shiga zauren bikin, ya ga abin da ke hannun sauran iyaye: 'yan ƙunshi marasa nauyi cikin leda mai ƙyalli. Kawuna suka juyo, aka fara ƙus-ƙus. Ya zo ne don ya fitar da yarinyar nan kunya, ga shi ya kawo mata ita har gaban ƙawayenta. Ya lallaɓa zai ajiye tukunyar bayan ƙofa.

Ashe Siddiƙa ta hango shi. Ta keto taron da hular bikin a karkace, ta dubi furen, ta dubi rigar, ta yi ta dariya har da hawaye. Ta waiga ta gaya wa ƙawayenta da Igbo cewa wannan shi ne babanta.

"Na yi kuskure ko?" Malam ya tambaya a hankali.

Siddiƙa ta miƙa masa takardar shaidar da ta sha wuya kafin ta samu.

"Baba, ku riƙe min wannan. Tukunyar ni zan ɗauka a hoton."