Bokitin Rigakafi

Cikin dare Tela ya ji wani sauti daga ɗakin kaji, ƙyat-ƙyat, kamar ana jan tsohon zif. Ya fita da tocila. Kajinsa na nama ɗari biyu suna kwance, amma can a kusurwa ɗaya ta miƙa wuya, baki buɗe, tana jan numfashi. Wata ta amsa mata. Ya tsaya yana mamakin yadda tsuntsu ke atishawa kamar mutum.

Tun da ido ya raba shi da keken ɗinki, kajin nan su ne abincin gidan.

Kwana biyar ke nan da ya ba su rigakafin cutar numfashi. Kwalbar ba ta kai ɗan yatsa ba, amma ta isa kaji ɗari biyar, shi ya sa suka raba da maƙwabciyarsu, Maman 'Yan Biyu, wadda mijinta ya rasu ya bar mata marayu da kaji. Shi ya haɗa maganin a bokiti, ya miƙa mata rabi ta saman katanga.

Da gari ya waye ya kira likitan dabbobi a waya, matarsa na tsaye a kansa.

"Baba, kwantar da hankalinka," in ji likita. "Sukan yi 'yar mura bayan rigakafi, kwana uku ta wuce. Ruwan rijiya dai ka sa, ko?"

Ranar rigakafin Tela ya leƙa gugar rijiya ya ga ruwan da ɗan duhu, ya ce a ransa maganin da aka ɗauko cikin ƙanƙara ya fi ƙarfin wannan ruwan. Ya tari na famfo, garai-garai.

"Idan... na famfo ne fa?"

"Maganin da ake zuba wa ruwan famfo kashe rigakafin yake. Ka shayar da su ruwa ne kawai. In haka ne, wannan tarin cutar ce da kanta."

"Malam sarkin tsafta," matarsa ta ce a hankali. "Wanda ba ya wanke kofin shayinsa."

Bayan katanga ma ya fara jin ƙyat-ƙyat ɗin.

Kan Maman 'Yan Biyu ya ɓullo ta saman katangar, ɗankwali a karkace, idanu jajur.

"Baba Tela, ina kwana. Naku ma sun kwana suna yi? Wai da wane ruwa ka haɗa mana maganin nan?"