Wata Takwas Ba Wanda Ya Zagi Lindsay

A rumbun lemon da muke aiki a Mildura, in ka ga ana yi maka magana da ladabi, to ka binciki kanka. Wanda muke so shi muke ci wa mutunci. Lindsay Pobjoy ya shekara ashirin da biyu yana kula da injinan tantance lemo, kuma tun makonsa na farko ake kiransa Walƙiya, saboda kafin ya tsallaka tsakar rumbu shayinka ya huce.

Sai matarsa Glenys ta rasu. Da ya dawo aiki, ya tarar kowa ya zama mutumin kirki. "Sannu, Lindsay." "Kawo in ɗaukar maka, Lindsay." Har Carmelo direban motar ɗaga kaya, wanda bakinsa ba linzami, ya koma riƙe masa ƙofa. Ni na fi kowa laifi, don Glenys ƙawata ce tun muna makaranta, amma ko sunanta na kasa faɗa a gabansa. Haka muka yi wata takwas.

Wata Laraba muna shan shayi ya ce, "Noeleen, ƙarshen wata zan ajiye aiki."

"Saboda me?"

"A gida zaman makoki, a nan ma zaman makoki. Gara in zaɓi ɗaya. Na gida ya fi kujera mai laushi."

Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Allah sarki, Lindsay." Ya dube ni kamar na taka masa ƙafa, ya ɗauki kofinsa ya tafi.

A lokacin muna fama da sabuwar manaja, Kirrily, wadda ta zo daga Melbourne da al'adar tara mu a da'ira duk Litinin, wai don mu saki jiki da juna. Ta tambaya in da mu 'ya'yan itace ne, wanne za mu zama. Mu goma sha tara duk muka ce lemo. Mako na gaba ta ce kowa ya faɗi abin da ba wanda ya sani game da shi. Carmelo ya ce ba ya son wannan taron. Ta ce wannan kowa ya sani.

A yi mata adalci, tana da ido. Ta sanar cewa an daina tambayoyi, ranar Juma'a da rana za a rufe rumbu a tafi kulob a yi wasan mirgina ƙwallo a kan ciyawa, ba takalmi, don a gina haɗin kai. Carmelo ya tambaya ko dole ne. Ta ce ba dole ba ne, amma za ta rubuta sunaye.

Muka je, muka tuɓe takalma. Na ga ƙafafun mutanen da na yi shekaru ina aiki da su, kuma ban ji haɗin kaina da su ya ƙaru ba.

Ƙwallon wannan wasa ba ta tafiya sak. Gefe ɗaya ya rinjayi ɗaya, sai ta yi baka ta lanƙwaso wajen 'yar farar ƙwallon da ake nema. Akwai tambari da ke nuna gefen. In ka juya ta ba daidai ba, sai ta kama gabanta ta shiga layin wasu. A kulob ɗinmu wannan shi ne babban abin kunya: a buga maka ƙararrawa, a yi maka ihu, abin shan kowa kuma a kanka. Lindsay ya shekara talatin yana wasa a filin nan, ko a mafarki ba zai yi wannan kuskure ba.

Jifarsa ta farko ta tsallaka layi uku, ta je ta tsaya a gaban wasu tsofaffin mata masu fararen huluna.

Aka yi tsit. Mai kula da kantin kulob ya kai hannu ga ƙararrawa, ya ga ko waye, ya koma goge kofi.

"Ka yi ƙoƙari!" in ji Kirrily.

"Iska ce," in ji Carmelo. Ko ganye ba ya motsi.

Da zagaye ya dawo kansa, na zuba masa ido. Ya juya ƙwallon a hannu, ya dubi tambarin sosai, sannan ya mai da shi gefen da ba daidai ba. Da gangan. Ta tafi yawonta har ta faɗa kwalbatin gefen fili. Shi kuma ya tsaya ya ba mu baya, dattijo mai shekara sittin da ɗaya, ƙafafu fari fat, yana jira.

Tausayinsa ya kama ni, na kuma ji haushin kaina, don tausayin nan ne ya kawo mu inda muke. Na haɗiye shi da ƙyar.

"Kai Walƙiya!" Muryata ta kai har bakin titi. "Wane irin abin kunya ne wannan? Shekara talatin Glenys tana koya maka! Ta ci kofi huɗu a filin nan da ciwon gwiwa, kai ko gefen ƙwallo ba ka sani ba? Dama ta sha gaya mini ɗaukar jaka kawai ka iya!"

Kirrily ta dafe ƙirji. Carmelo ya dube ni kamar na yi kisan kai. Kafaɗun Lindsay suka fara rawa, ban san kuka ne ko dariya ba, har ya juyo na ga duka biyun ne.

"Kofi biyar," ya ce. "Ke ma kanki ya kwance, tsohuwar banza."

Carmelo bai jira komai ba. Ya ruga ba takalmi a kan siminti mai zafi, ya kama ƙararrawa kamar zai tsinke ta. "Abin sha a kan Walƙiya! Amma kowa ya nemi wurin zama, kafin ya kai kanti an yi Kirsimeti!"

Ihu ya tashi, har tsofaffin matan suka sa baki. Kirrily ta ciro takardarta ta rubuta sunaye, ta dube mu, ta mayar.

Lindsay ya nufi kanti da tafiyarsa. Da ya zo daidai ni ya tsaya, bai dube ni ba.

"Da gaske ta ce jaka kawai na iya?"

"Da bakinta."

Ya gyaɗa kai, ya share hanci da bayan hannu. "Me kuma ta ce?"

"Da yawa. Kuma babu na yabo."

"To," ya ce, "ki riƙa ba ni ɗaya-ɗaya a wurin aiki, kullum lokacin shayi. Kada ki yi saurin ƙarar da su."