Ranar Shafin Ƙarshe

"Inna, ki yi masa magana, ni ya ƙi ji!"

'Yar maƙwabcina Mai Zane ce ta jawo ni ɗakinsa, hannuna duk kumfar wanki. Motar asibiti na ƙofar gida tana ta hon, shi kuwa yana zaune gaban teburinsa, numfashinsa na fita da ƙyar, leɓɓansa sun yi fari.

Littattafan yara yake zanawa. Wannan na hannunsa labarin da mahaifiyarsa ta ba shi ne, na yadda rana ta yi fushi ta shige rijiya, yara suka lallashe ta da waƙa. Yana da wata ɗabi'a da na sha yi masa tsiya a kanta: ba ya shafa wa rana launi sai ya gama komai. Kowane shafi sai ya bar farar da'ira, a ƙarshe ya haɗa fenti sau ɗaya ya cike su duka, wai rana ɗaya ce, launinta bai kamata ya bambanta ba.

"Malam, tashi mana. Ka dawo ka ƙarasa."

"Na riga na haɗa, maƙwabciya. In ya bushe, shi ke nan."

"Baba, fenti ne fa! Fenti!" 'Yar ta fashe da kuka.

Bai ko kalle ta ba. "Riƙe min wuyan hannu, rawa yake."

Wallahi na ji haushinsa, na kuma ji tsoro. Amma na riƙe. Hannun sanyi ƙalau. Ya cike ranar da ke leƙe daga rijiya, 'yar na juya masa shafi tana share hawaye da kafaɗa. Ya cike ta shafi na gaba. Direba ya leƙo ta taga.

"Jama'a, ko in tafi?"

"Saura ɗaya," in ji Mai Zane.

Ya tsoma burushi, sai tari ya turnuƙe shi. Burushin ya faɗi a ƙasa. Ba mu ƙara neman izininsa ba, muka cicciɓe shi zuwa mota. Ko kwanar layinmu ba su sha ba na ji salatin 'yar.

Da yamma aka aike ni ɗakin in ɗauko tabarma. Fentin ya bushe a murfin kwalba, har ya tsage. A shafin ƙarshe yara sun kewaye rijiya, bakinsu a buɗe, duk sun ɗaga hannu sama, suna nuna farar takarda.