Amya Shida a Bayan Ɗakin Sauna

Gaskiyar mijina ce ta ja mana. Aulis irin mutumin nan ne da in ya tsinci safar hannu a hanya sai ya rataye ta a shinge, washegari ya koma ya duba ko mai ita ya ɗauka. Da aka rufe masana'antar takarda, bayan ya yi mata bautar shekara talatin da ɗaya, ya zauna cike fom ɗin neman kuɗin rashin aiki. Sai ga tambayar ko yana da wata sana'a ta gefe.

Na ce, "Sa a'a."

Ya ce, "Zumar fa, Sirkka?"

"Wace zuma? Amya shida a bayan ɗakin sauna, inda muke wankan tururi, ita ce sana'a? Kai tsoho, ka rufa mana asiri."

"Bara na sayar da kwalba arba'in a kasuwa. Sayarwa dai sayarwa ce."

Ya sa e, ya tura.

Amyoyin nan akwatunan katako ne, mahaifinsa ne ya ƙera su da hannunsa, ya shafa musu fenti ruwan ɗorawa. Duk tsananin sanyi, kullum da safe sai Aulis ya keta dusar ƙanƙara da kofinsa a hannu, ya kara kunne a jikin akwatin ya ji ko ƙudan zuman suna nan da rai. Tun da aiki ya tafi, abin da ke tashinsa daga gado ke nan.

Amsa ta zo cewa an dakatar da komai sai an bincika ko shi ɗan kasuwa ne. Ɗan kasuwa! Suka ce ya rubuto awa nawa yake yi da ƙudan zuma a mako. Ya rubuta. Suka ce hoton takardar bai fito ba. Ya sake. Mai riƙe da fayil ɗin ta tafi hutu, aka mayar da shi wani gari, can kuma suka ce su ba su ga komai ba. Ofishinsu na garinmu a kulle yake, an manna takarda wai a shiga intanet. Mako goma sha uku muna kan albashina na rabin wuni a kicin ɗin makaranta, miyar wake da dankali har na tsani warinsu.

Ranar nan na fizge wayar daga hannunsa, bayan ya yi awa guda yana sauraron kiɗansu kafin wata ma'aikaciya ta ɗauka.

Na ce, "'Yar nan, don girman iyayenki, me kuke bincike? Za ku ƙirga ƙudajen ne ɗaya bayan ɗaya?"

Ta ce, "Ki yi haƙuri, Mama, fayil ɗin yana kan layi."

"Haƙurin za mu dafa mu ci?"

Ta rage murya. "Ni dai ba ni da ta cewa. Amma da babu zumar, ai babu abin bincike."

Aulis na gefena, ya ji.

Ranar Asabar wani Tauno ya zo da mota daga arewa, tafiyar awa huɗu. Aulis ya ba shi duka shidan kyauta.

Na ce, "Kyauta? Ka haukace?"

Ya ce, "In na karɓi ko sisi, su ce ciniki ne."

Shi ya ɗaure akwatunan da kansa, yana ta ce wa mutumin ya bi ramuka a hankali. Da yamma, da yake mai gaskiya ne, ya rubuta wa ofishin cewa ya daina.

Bayan mako guda wasiƙa biyu suka iso tare. Ta farko ta ce an gama bincike, kiwon zumar Aulis sha'awa ce kawai, ya ci gaba da abinsa. Na duba kwanan watan. Kwana goma sha ɗaya kafin zuwan motar Tauno aka sa hannu. Kwana goma sha ɗaya tana kwance a teburin wani!

Ta biyun ta ce tunda ya sanar cewa ya rufe sana'a, ke nan akwai sana'a. An sake dakatar da komai, ya aiko da shaidar rufewa, ya saurara nan da mako takwas. Mun yi gudun gara mun faɗa gidan zago.

Na ce, "Kira Tauno yanzu ya dawo da su."

Ya ce, "Ba a karɓe kyauta, Sirkka."

Washegari da safe ina riƙe da waya, murya tana gaya mini ni ce ta arba'in da bakwai a layi, sai na hango shi ta taga. Ya fita da kofinsa kamar kullum, ya nufi bayan ɗakin sauna. Sai da ya kai gaban bulullukan da akwatunan ke zama a kai, har ya fara sunkuyawa, sannan ya tuna.