Hancin Gidan Dukhan

Kwana tara ina zagaye ƙauyukan Bihar, ko abinci a tsaye nake ci. Abin da na riƙo daga Trinidad takarda ce guda, wadda Turawa suka cika wa kakan babana, Jhingur, ranar da suka zuba shi a jirgin ruwa zuwa gonakin rake. Mujallar da nake wa aiki labarin tafiya take jira, amma ni ba shi ne a gabana ba. Babana yana kwance a Chaguanas, can gida Trinidad, numfashi sama-sama, kuma abu ɗaya yake son ji kafin ya cika: ko akwai wanda ke tuna Jhingur.

Direbana, wanda shi ne tafintana, ya sauke ni a ƙofar wani tsoho, Dukhan Mahto. Ban gama warware takardar ba ya dafa kaina.

"Ke tamu ce! Ga hancin nan, na gidanmu ne!"

Na yi kuka har da majina. Aka kawo litti, wata gasasshiyar gurasarsu, mai zafi da man shanu. Ina cikin ci na ɗaga kai, sai ga hotuna jere a bango, kowanne Dukhan dafe da kan wani baƙo mai jajayen idanu. A ƙasa an rubuta Guyana, Suriname, Fiji. Raina ya ɓaci.

"Baba, waɗannan ma duk hancin gidanku ne?"

Direba ya yi ta inda-inda, sai da na daka masa tsawa ya fassara. Tsohon ko gezau.

"'Yata, a da duk wanda ya haye baƙin ruwa, wato teku, jana'izarsa ake yi a nan, a daina kiran sunansa. Mu muka goge su da hannunmu. Yanzu jikoki su zo baki na rawa, in ce musu me? Babu?"

Wayata ta yi ƙara. Ƙanwata ce ta kira, ta kara wa babana wayar a kunne.

"Indra, kin same su?" in ji babana.

Na tsani ƙarya, a kanta na rabu da mijina. Babana yana jin yaren su Dukhan kaɗan-kaɗan, wanda ya tsinta a bakin kakarsa. Na miƙa wa Dukhan wayar.

Ya rufe ta da tafin hannu, ya raɗa wa direba wata magana.

"Wai wane suna kika ce?"

"Jhingur," na ce.

Tsohon ya gyara murya. "Ɗan'uwa, ka daɗe ba ka neme mu ba. Kullum sai mun yi zancen Jhingur."