Ƙwan Zabin Asabe

Direban ya riga ya miƙo hannu ta tagar mota zai karɓi ƙwai, sai idonsa ya sauka a bayan hannun Asabe. Fatar ta yi baƙi ƙirin, ta tsattsage kamar bayan tukunya. Ya janye hannunsa, ya ce ya fasa.

Haka kasuwar take tun bayan girbi. Asabe na dafa ƙwan zabi a ƙauyensu Mandera ta kawo tashar Shagari, amma yanzu sai ta koma da fiye da rabin faranti. Baƙin ya zagaye wuyanta kamar sarƙa, harshe ya yi ja, ga gudawa, ga ciki wata shida. Cikin ne ke tsorata ta. Na farko ta haife shi ɗan mitsitsi, bai kai ranar suna ba.

Uwar mijinta, Inna Balaraba, ta gama yanke hukunci cewa kuturta ce, har ta ware mata kwano da moɗa. Yau ma ta biyo ta ne don ta ji da kunnenta a asibitin Bodinga, ta samu hujjar mayar da ita gidan ubanta. Suka shiga mota, farantin ƙwai a cinyar Asabe.

Ma'aikaciyar jinyar, Malama Safinatu, ta kama hannun ba ko ƙyama, ta juya shi, ta duba wuya da harshe.

"Mi kika ci jiya?"

"Tuwon dawa."

"Shekaranjiya hwa?"

"Shi ɗai na, da miyar kuka."

Malama Safinatu ta ce ba kuturta ba ce, kuma ba a ɗauka. Ta yi musu bayani a hankali: akwai wani bitamin da jiki ke iya ƙera wa kansa daga abinci mai gina jiki, irin ƙwai, wake, gyaɗa da nama. Amma ƙirar tana bukatar wasu bitamin ɗin su taya. Su kuwa sinadaran da ciki ke zubawa a jinin mace suna rage wa aikin nan gudu, ga jariri yana jan rabonsa. Dawa zalla ba ta rufe wannan giɓi, shi ne fata ke ƙonewa duk inda rana ta taɓa.

"To mijinta ai dawar shika ci," in ji Inna. "Ga shi nan garau."

"Shi ba ya da ciki, Inna. Kuma dawar ɗai shika ci?"

Inna ta shiga gyaran mayafi. Kowa a gidan ya san inda tsokar ranar kasuwa ke sauka: kwanon Sha'aibu, mijin Asabe, wanda ke ci a zaure ya aiko da ƙashi.

Malama ta ba da ƙwayoyi, sannan ta dubi farantin. "Ga magani bisa cinyarki, kina yawo da shi tasha."

Ba su kai bakin titi ba Inna ta karɓe ƙwayoyin ta ƙulle a haɓar zani.

"Waɗanga su ka sa yaro shi yi ƙato cikin ciki, a ƙare da yankan likita. Ƙwai ko, ba gidana ba. Mai ciki ta ci ƙwai ta haihi ɓarawo. Mu haka munka taras."

"Inna, wancan cikin ban ci ko ɗaya ba."

"Wancan kwanansa na ya ƙare."

Zuciyar Asabe tafasa take. A wancan cikin ta bi dokar nan sau da ƙafa. Ƙwai nawa ta ɓare wa fasinjoji, ta barbaɗa musu yaji, tana haɗiyar yawu? Ladar da ta samu ita ce ɗan kabari a bayan gari, da kwanon da aka ware mata kamar na kare.

Motar Shagari ba ta cika ba, suka zauna jira a kujerar baya. Zafi ya dame su. Inna ta ciro carbi, tana ja tana lissafa jikokin wasu da aka haifa lafiya ba ƙwaya ba allura. Can ɗan da ke cikin Asabe ya motsa, motsi mara ƙarfi, kamar mai neman izini.

Asabe ta ɗaga murfin faranti. Ta zaɓi ƙwai mafi girma, ta ƙwanƙwasa shi a ƙarfen kujera. Ƙwan zabi da taurin ɓawo, sai da ta sake bugawa. Ta ɓare shi da baƙaƙen yatsunta, ta dangwali yaji, ta kai baki. Harshen ya yi mata raɗaɗi har hawaye ya zubo, ba ta fasa taunawa ba.

Carbin ya tsaya a hannun Inna.

"Ɗiyar nan, ɓarawo za ki kawo muna gida?"

Asabe ta haɗiye, ta ɗauki na biyu.

"Shi dai zo da rai, Inna," ta ce, tana ƙwanƙwasawa. "In ya tashi sata, shi hwara da kwanon ubanai."