Baƙi Mai Lanƙwasa

Kwamfutar Baba ta girmi 'yata ta fari. In ka kunna ta, sai ka je ka ɗora ruwan shayi ka dawo ka tarar tana nishi, ba ta gama farkawa ba. Masu gyara sun ce babbar manhajar da ke tafiyar da ita ce ta yi mata nauyi, a yar kawai a sayi sabuwa. Baba ya ce shi ma ya tsufa, kuma ba a yar da shi ba tukuna.

Wannan "tukuna" ta tsaya mini a rai, don na san inda ya nufa. Tun rasuwar Mama yake zaune shi kaɗai a gidan, da littattafansa da tukwanen furanninta. Sai ran nan ya manta buta a kan wuta har gindinta ya ƙone. Yayana kuwa gwani ne wurin mai da allura garma. Nan take ya yanke hukunci cewa Baba ya fara mantuwa, dole ya bar gidan ya koma wurinsa. Ni na ce buta ce kawai. Baba kuwa, daga ranar na lura yana shafa aljihunsa yana duba makulli ba dalili.

Ranar Asabar da hantsi na zo masa da filashi, ɗan abin ajiyar bayanai da ake soka wa kwamfuta. Wata abokiyar aikina ce ta zuba mini irin manhajar nan ta kyauta, wadda kowa ke da ikon buɗe cikinta ya gyara, ta ce ba ta da nauyi, tsofaffin kwamfutoci na shan iska da ita. Muka zauna a teburin falo. Da farko tsohuwar ta yi kunnen uwar shegu da filashin, sai da na yi ta dannar maɓalli ɗaya kamar mai buga ƙofar kurma kafin ta kula. Daga nan ta ce ba ta ga intanet ba, alhali ga akwatinsa a gabanta. Na jawo waya na haɗa su kai tsaye, ta haƙura.

Da aka zo zaɓen tsarin maɓallan rubutu, Baba ya gyara tabarau.

"Tsaya, tsaya. Hausa na gani a jerin nan?"

"Ita ce, Baba."

"To me kike jira?"

Baba aikin gyaran rubutu ya yi a maɗaba'a har ya yi ritaya, kuma ba abin da ke ɓata masa rai kamar a rubuta baƙi mai lanƙwasa ba lanƙwasarsa. Yakan ce wanda bai raba kafa da ƙafa ba, ko baki da baƙi, bai kamata a bar shi da biro ba. Katin bikina ma sai da ya bi shi da jan biro bayan an gama rabawa. Na zaɓi Hausar, na nuna masa yadda zai danne maɓallin gefe ya buga k ta fito ƙ. Ya gwada, ya yi murmushi kamar ya haɗu da tsohon aboki a hanya.

Sai ta nemi kalmar sirri.

"Juya baya," in ji shi.

Na juya. Ya rubuta, ya maimaita, ta karɓa. Muka bar ta tana aikinta, fankarta na huci, na shiga kicin na ɗora buta. Da ta gama ta mutu ta taso da kanta, cikin saurin da ban taɓa ganin ta yi ba, ta tsaya tana jiran kalmar.

Baba ya rubuta. Ta girgiza ɗan akwatin da ake rubuta kalmar, ta ƙi. Ya sake, a hankali, da yatsa ɗaya. Ta ƙi. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya sake. Na duba ko maɓallin manyan baƙaƙe ne a danne, ba shi ba ne.

"Ba komai, Baba," na ce. "Ba abin da ke ciki tukuna. Sai in goge in sake, ka sa wata."

"Ita za ki goge ki sake. Ni fa?"

Ya ɗora hannuwansa a kan gwiwa. Tsoro ya kama ni, don ban taɓa ganin Baba ya yi laushi haka ba, ko ranar jana'iza.

"Kalmar nan ba irin wadda ake mantawa ba ce," ya ce. "In har ita ta kuɓuce mini, to yayanki ya fi ki gaskiya. Kira shi, ki ce ya share ɗakin."

Na ƙi. Taurin kai dai a wurinsa na gada. Na ce ya sake sau ɗaya, ba zan kalli hannunsa ba, ɗigon da ke fitowa a akwatin kawai zan kalla. Ya yi tsaki, amma ya miƙa hannu. Na ji ƙarar bugun farko, ƙwas, akwatin kuwa wayam. Sai a bugu na biyu ɗigo ya fito. Can tsakiya ma aka sake yin haka.

"Baba, akwai ƙ a ciki?"

Ya harare ni. "Sirri ne."

Ban ƙara tambaya ba. Na bi fuskar kwamfutar da ido har can kusurwar sama, na ga wasu 'yan baƙaƙe ƙanana da ke nuna tsarin maɓallan. Ashe da ta taso, a ƙofar shiga ta koma na Turanci, wanda bai san wata lanƙwasa ba. Baba na ba ta ƙ, ita tana zubarwa. Na mayar da shi Hausa, na tura masa.

Ya rubuta. Ta buɗe.

Ya daɗe yana kallonta, sannan ya sauke numfashi. Ni kuwa daɗi ya sa bakina ya ƙi rufuwa.

"Ai da k ka sa kawai, Baba, da duk ba a yi wannan ba."

"Sunan da nake kiran mahaifiyarki ne," ya ce. "Tana raye ban taɓa rage mata lanƙwasa ba. Yanzu zan fara?"

Na san sunan. Muna yara mukan jiyo shi ta bayan ƙofa yana kiranta Ƙyalƙyala, saboda dariyarta, mu yi kamar ba mu ji ba. Na sunkuyar da kai ina naɗe wayar intanet don kada ya ga idona.

Ya mayar da tabarau, ya jawo kwamfutar gabansa, bai ko dube ni ba.

"Tashi ki sauke butar nan da kika ɗora," ya ce. "Tun ɗazu nake jin ta tana tafasa."